Talata a Damagaram: lissafin makarantun piyano

Bayan azahar muka zauna da ɗalibata da mahaifinta a kan jerin makarantun da take son nema. Bana ta samu bak, wato shaidar gama sakandare, shekarunta 18, kuma hannunta a piyano ya kai matakin da sai ta fita waje in har za ta ci gaba. Mahaifin ya ce, "Malam, an ce mana akwai inda ake karatun nan kyauta." Na ce, "Akwai, Alhaji, amma bari mu ga abin da tallafin ya ɗauke da abin da ya bar maka."

Muka fara da Amurka. Makarantar Curtis da ke Filadelfiya ba ta karɓar kuɗin karatu daga kowane ɗalibi tun 1928, sai dai ɗalibanta gaba ɗaya ba su kai 200 ba, kuma kuɗin ɗaki da abinci da inshorar lafiya lissafi ne daban, ana taimakawa gwargwadon halin iyaye. Colburn ta Los Anjalas ta fi sauƙi ga aljihu, don tana ɗaukar karatu da ɗaki da abinci. Yale na soke ta nan take: tun 2006 karatun kyauta ne a sashen kiɗanta, amma galibi na waɗanda suka riga suka gama digiri na farko ne, ba na mai sabon bak ba. Sauran makarantun ragi suke yi, kuma a nan iyaye ke faɗawa rami. Rabin kuɗin makarantar da ke karɓar dubban dalolin Amurka a shekara har yanzu ya fi ƙarfin gida. Dole a tambaya a rubuce: tallafin na shekara guda ne ko har a gama? Da wane maki ake sabunta shi? In kuɗin makaranta ya tashi, shi ma yana tashi?

Jamus ta fi jan hankalin Alhaji, don yawancin manyan makarantun kiɗa na gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu. Na nuna masa matsala biyu. Jihar da Stuttgart da Freiburg suke tana karɓar yuro 1,500 kowane zango daga wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba, kusan sefa miliyan ɗaya ke nan. Sannan kafin biza sai an nuna kuɗin zama na shekara, yawanci a rufaffen asusu, wanda tun 2024 ya kai yuro 11,904. A kan sefa 655.957 kowane yuro, ya haura miliyan 7 da jika 800. Ya yi shiru. Tallafin DAAD, hukumar Jamus mai tallafa wa ɗalibai, na masu kiɗa kuwa sai wanda ya riga ya gama digiri na farko. Ga kuma harshen Jamusanci.

Babbar makarantar kiɗa ta Faris, wadda aka kafa a 1795, kuɗinta kaɗan ne, Faransanci ma ba matsala ba ne gare ta. Amma shiga ta gasa ce mai tsanani, akwai iyakar shekaru, kuma ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun Janairun 2024. Na gaya musu ko wace ƙasa ce, a fara tabbatar da inda za a nemi biza da ko ana ba ƴan Nijar, kafin a biya kuɗin cike takarda. A Amurka kuɗin nan yakan wuce dalar Amurka 100 kowace makaranta, ba a kuma mayarwa.

Abin da na fi daɗewa a kansa shi ne malami. Mai karatun piyano awa guda yake samu a mako da mutum ɗaya, shekara uku ko huɗu, kuma wannan awar ita ce karatun. Sunan makaranta ba ya gyara wuyan hannu mai tauri. Na ce ta rubuta wa malaman da kanta, gajeriyar wasiƙa da bidiyo guda, ta nemi darasin gwaji ta intanet. Ta lura: yana sauraro har ƙarshe ko yana katsewa? In ya ce sautin ya yi kauri, yana nuna yadda za a sauke nauyin hannu ko faɗa kawai yake? Ta kuma tambayi ɗalibansa ko shi ke koyarwa, ko kullum yana yawon wasa ya bar su da mataimaki, da kuma awa nawa ake samun ɗakin atisaye a rana.

Da la'asar ta zauna ta buga abin da ta shirya. Kusan duk makarantun abu ɗaya suke nema, kuma da ka, ba takarda: prelud da fuga (kiɗa mai muryoyi da yawa da ke bin juna) guda na Bach, cikakkiyar sonata ta Haydn ko Mozart ko Beethoven (da yawa ba sa karɓar sonatocin Beethoven biyu masu lamba Op. 49, don sun yi sauƙi), babban kiɗa na ƙarni na 19, etid (kiɗan horar da yatsu) mai sauri na Chopin ko Liszt, sai wani abu na ƙarni na 20. Fugarta ta yi kyau, muryoyin sun fito daban-daban. Etid ɗin ne ya tona mana inda gizo ke saƙa.

Piyanonta na lantarki ne, madannai 88 masu nauyi, kuma ya yi mata amfani. Amma babban piyano na katako wata dabba ce, kamar wanda ya saba da babur aka ɗora shi a kan doki. Madanninsa na sake bugawa tun bai gama dawowa sama ba, fedal ɗinsa, wanda ake takawa da ƙafa, na da rabi da kwata, sautinsa kuma na canzawa da yadda yatsa ya sauka. Wanda bai saba ba, ko ya cika fedal sautin ya cakuɗe, ko hannunsa ya gaji tun tsakiyar sonata. Ajiye na katako a nan ma aiki ne: yana son danshin iska kashi 40 zuwa 50, hunturunmu kuwa na saukar da shi ƙasa da 20, allon sautin ya tsuke, kusoshin wayoyi su saki. Don haka sai ta je Yamai, kusan kilomita 900, ko Legas ko Abijan, ta yi makonni a kan na gaske, a can kuma a ɗauki bidiyon tantancewa.

Na rubuta mata ƙa'idar ɗaukar. Waya a gefen damanta, tazarar mita biyu, fuska da hannuwa da ƙafa duk su fito. A kashe fanka. A kashe abin da ke daidaita ƙarar sauti da kansa, in ba haka ba mai taushi da mai ƙarfi za su zama ɗaya. Kowane kiɗa a ɗauke shi a tashi guda, ba yanka. Kada a bi da shi ta WhatsApp, yana rage ingancinsa.

Yawancin makarantun Amurka 1 ga Disamba suke rufe karɓa, a kira waɗanda suka tsallake a Fabrairu ko Maris. Muna Oktoba, ba fasfo, ba fassarar takardun bak mai hatimi, ba jarrabawar Turanci. Na ce, "Alhaji, shawarata a bar bana." Ita ba ta ji daɗi ba, amma ta yarda. Muka tsayar da makarantu huɗu na baɗi: Colburn, Faris, da biyu a Jamus, ba a waccan jihar mai karɓar kuɗi ba. Gobe za ta kai takardun fasfo, ranar Alhamis kuma mu koma kan etid ɗin a rabin saurinsa, hannu ɗaya-ɗaya, ba fedal.