Alhamdulillahi, mun dawo da yaron da ƙafafunsa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Alhamdulillahi, Alhamdulillahi, Alhamdulillahi. Mun iso Katsina lafiya daga tsibirin Zanzibar, inda ɗana ya kusa nutsewa a teku har aka kwantar da shi a asibiti, yadda muka fita haka muka dawo, ba a bar kowa a baya ba. Likitan da ya duba yaron a nan gida ya ce huhun ya washe, abin da ya rage tari ne kaɗan da rama, su ma da sannu za su tafi da yardar Allah. Yana ci, yana sha, har ya fara faɗa da ƙannensa a kan waya, kuma wallahi ban taɓa jin daɗin hayaniyar yara irin yadda nake jin ta yanzu ba.

Ba zan maimaita maku abin da ya faru a asibiti ba, kun bi shi tun daga saƙon farko da ƙanwata ta sa a daren ranar har zuwa ranar da aka cire mashi robar iska. Ni kaina jikina bai gama dawowa ba. Barci nake yi in farka a firgice ina laluben gefen gado. Waɗanda suka kira ban ɗauka ba, da waɗanda suka turo saƙo ban amsa ba, don Allah ku yi mani afuwa. Na gani, na karanta, wasu na karanta ina kuka a bakin ƙofar ɗakin da aka kwantar da shi.

Mutane da yawa sun tambayi abin da ya kai mu Zanzibar. Alkawari ne Abbansu ya yi wa yaron, cewa ranar da ya sauke Alƙur'ani zai kai shi ya ga teku da idonsa. Ya sauke, alkawari kuwa kaya ne. Mun daɗe muna shiri, ni da adashina na wurin aiki, shi da abin da yake ajewa. Muka zaɓi can saboda ƙasar Musulmi ce, ba ka fargabar abin da za ka ci, kiran salla yana iske ka duk inda kake, matansu kuma a lulluɓe suke, ba wanda zai tsaya kallon hijabina. Tsibirin ɗan ƙarami ne, tsawonsa kamar daga nan zuwa Daura, yana cikin ƙasar Tanzaniya tun haɗewarsu a 1964. Muka bar watannin ruwan samansu mai yawa, daga Maris zuwa Mayu, muka jira dogon hutun yara. Aka yi fasfo, aka nemi biza, aka yi katin rigakafin cutar shawara domin ba sa barin mai zuwa daga Najeriya ya shiga babu shi, aka biya inshorar dole ta dala 44 da suka ɗora wa baƙi tun Oktoban 2024. Daga Kano muka tashi, muka yada zango a Addis Ababa. Yaran sun zagaya tsohon garin Zanzibar mai siraran lunguna da ƙofofin katako masu sassaƙa, sun shiga kwalekwale zuwa tsibirin Changuu sun ga manyan kunkuru waɗanda aka kawo kakanninsu daga Seychelles a 1919, sun je gona sun ga kanumfari a jikin itacensa, wanda mu a leda kawai muka san shi. Duk wannan an yi shi cikin daɗi. Sai da muka koma gabashin tsibirin, wajen Jambiani, sannan Allah Ya kawo jarrabawarSa.

Tekun wannan gefen yana da hali. Sau biyu a yini yana janyewa, ya yi nisa har sai ka ga kamar ya tafi ke nan, ya bar farin rairayi da 'yan kududdufai, mutane su yi ta takawa cikinsa. Bayan wasu awanni sai ya juyo, kuma idan wata sabo ne ko ya cika, ya fi nisan tafiya, ya fi ƙarfin dawowa. Ba ta gaba kawai yake zuwa ba, kwaruruka yake fara cikawa, ta yadda mutum zai waiga ya ga ruwa ya riga ya shiga tsakaninsa da tudu. Abin da ya rutsa da yaron ke nan. A garin sauri ya taka wani abu mai baƙaƙen ƙayoyi dogaye da ke kwance tsakanin duwatsun ƙarƙashin ruwa, ƙafar ta ƙi ɗaukarsa, ya faɗi inda ruwan ya fi ƙarfinsa.

Ku da kuka san ni kun san ɗan farina ne. Tun da na haife shi ban taɓa kama sunansa ba, ko a gaban mutane ko a bayan idonsu, haka muka taso muka ga iyayenmu suna yi. A ranar nan na kira shi. Na kira shi da sunansa na yanka, da iyakar muryar da Allah Ya ba ni, ina gudu cikin ruwa zanena yana harɗe ni, ina faɗuwa ina tashi, ina ganin kansa yana bayyana yana ɓacewa. Abbansu ya tafi sallar azahar da ƙaramin, ni kaɗai ce da 'yar autar a hannu. Ban iya ruwa ba. A wannan lokacin na san mene ne rashin dabara, na san bawa ba ya da komai sai abin da Ubangijinsa Ya ba shi.

A wannan gaɓar akwai mata masu noman ciyawar teku. Sana'a ce da ta kafu a wurin tun 1989, kuma akasari mata ke yin ta: su kafa turaku a cikin ruwa mara zurfi, su ɗaura igiyoyi, su ɗaɗɗaure ciyawar a jiki, idan teku ya janye su shiga su gyara ko su girbe, su shanya, a saya a fita da ita ƙasashen waje. Suna kan hanyar fitowa ne da buhuna a ka. Ɗaya daga cikinsu, dattijuwa, za ta yi sa'ar Innarmu, ta yar da buhunta cikin ruwa, wahalar yininta gaba ɗaya, ta juya ta nufe shi. Ita ta ciccibo shi. Sauran suka tarbe ta suka fito da shi kan rairayi, ta kwantar da shi ta gefe, ya dinga amayar da ruwa, leɓunansa sun sauya launi. Ta kwance mayafinta ta lulluɓe shi.

Ni kuwa na zube, ihu kawai nake, hankalina ba ya jikina. Matar nan ba ta jin Hausa, ba ta jin Turanci, ni ba na jin Suwahili. Sai ta rarrafo ta kama fuskata da hannuwanta biyu, hannuwa masu kaushi da sanyi, ta dube ni cikin ido ta ce, "La haula wa la ƙuwwata illa billah." Ta sake faɗi. Ta ci gaba da maimaitawa, ba ta sake ni ba, har sai da bakina ya kama na bi ta. Sannan ta ɗauki hannuna ta ɗora a ƙirjinsa don in ji yana motsi. Ta karɓi 'yar autar ta goya ta a bayanta, ta aiki wani yaro da gudu ya kirawo mai mota. Tafiyar sama da awa ɗaya ce zuwa cikin gari, ta shiga motar nan da jiƙaƙƙun kayanta, ƙafarsa mai ƙayoyin tana kan cinyarta, ba ta sauka ba sai a ƙofar asibiti.

Abbansu ya bi ta da kuɗi, ta ture hannunsa, ta nuna sama da yatsa. Na ɗauka rabuwarmu ke nan. Sai ga ta kuma ta dawo a motar haya, da kunu mai zafi a jug da ƙananan ayaba, ta tsaya a kaina sai da na sha, domin ta lura ba na cin komai. Ya Allah, Kai ne Ka san ta, Kai ne Ka san abin da ta bari a cikin ruwa saboda ɗan wata da ba ta taɓa gani ba. Ka ninka mata, Ka raya mata zuriyarta, Ka tsare su daga abin da ta tsare mani nawa, Ka sa ta sha daga tafkin Annabi sallallahu alaihi wa sallam da hannunsa mai albarka, Ka haɗa ni da ita a inda za mu ji maganar juna.

Likitoci da ma'aikatan jinya da suka kwana a kansa lokacin da ruwan da ya shaƙa ya jawo mashi ciwon huhu, Allah Ya saka da alheri. Musamman likitar da ta zaunar da mu ta yi mamu bayani a natse cewa iskar cikin jirgi ba ta kai ta ƙasa ƙarfi ba, don haka ba za ta sa hannu a takardar tafiya ba sai huhun ya iya riƙe kansa. Mun ƙosa mu taho, ta tsaya a kan bakanta, kuma gaskiyarta ce. Limamin masallacin da ke kusa da asibitin, wanda ya sa yaron a alƙunutin asuba da jama'arsa suna amsawa, Allah Ya karɓi addu'arsa a kan nasa iyalin. Inshorar nan ma ta ɗauke mamu wani ɓangare na kuɗin asibiti.

Na san a gidanmu ba a yabon mutum a bainar jama'a, kuma na san za a yi mani faɗa, amma akwai waɗanda ba zan iya haɗiye su ba. Yaya Babba, da katin bankinmu ya ƙi aiki, kuɗin sauya tikiti ya taso, masauki yana jiran nasa, ba ki tambaye ni nawa ba, sai ji na yi kin kai sarƙarki kasuwa. Yaya, na sani, an faɗa mani, kar ki yi wa kowa faɗa. Kawu na Daura, da ka tara almajirai aka yi sauka a daren farko kafin ma mu san inda aka dosa, Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Gwaggo ta Ƙofar Sauri, da kika tare a wurin Inna kina lallashinta kina rage mata labarin saboda hawan jininta, ke kaɗai kika san nauyin da kika ɗauka. Da bawan Allah ɗan Zariya mai kasuwanci a birnin Darussalam na Tanzaniya, wanda ba mu taɓa haɗuwa ba sai ta hannun abokin Abbansu, ya hau jirgin ruwa na kusan awa biyu ya kawo mamu kuɗi a hannu, ya ce mu biya idan mun isa gida, Allah Ya buɗa mashi ƙofofin da bai zata ba. Maƙwabtana, da kuka kula da gida har da ba kaji ruwa, abokan aikina da kuka raba azuzuwana a tsakaninku, malaman Islamiyyar yaron da abokan haddarsa da suka yi ta turo mashi karatu a waya yana saurare a kan gado, matan unguwa da suka yi azumi, da ku da ban sani ba kuka yi sadaka da sunansa, Allah Ya biya ku da Aljanna Firdausi. Yadda kuka tsaya mamu, Allah Ya tsaya maku ranar da ba mai tsayawa sai Shi. Allah kar Ya nuna maku irin wannan rana a kan 'ya'yanku.

Maganganu kuma sun iso mu tun muna can. An ce da Umara muka tafi da haka ba ta faru ba, an ce wa ya aike mu. Abin da Allah Ya rubuta wa bawa zai same shi ko a tsakar ɗakinsa yake. Abin da ya fi tsaya mani shi ne, akwai na jiki ƙwarai, waɗanda ko kuɗin Keke Napep ba za su kashe ba su iso wurin Inna, amma har muka dawo ba su leƙa ta ba, ba su ɗaga waya ba. Na bar shi a matsayin uzuri ne ya riƙe su. Ƙofa a buɗe take, zumunci ya fi ƙarfin wannan.

Masu son zuwa dubiya, muna maraba, amma don Allah a bari sai bayan la'asar, da safe yana shan magani ya kwanta. Ina kuma roƙon kar a sa shi ba da labarin ruwan, likita ya ce a bar shi sai ya kawo maganar da kansa. Ranar Juma'a bayan an sauko za a yi 'yar sadaka da addu'a a gidan Inna, duk wanda ya samu hali ya zo.

Sai roƙo ɗaya. Mai motar da ya kai mu asibiti ya san gidan dattijuwar nan, kuma muna da lambarsa. Na haɗa mata atamfa, da turaren wuta, da darduma, da hoton yaron a tsaye ranar da muka iso. Duk wanda ya san mai shirin tafiya Zanzibar ko Darussalam nan kusa, mutumin da za a iya ba amana, don Allah ya yi wa ƙanwata magana.

Wassalamu alaikum.