Murar da ta ƙi jin magani

'Ya'yana uku ne, kuma na tsakiyan ne sanadin wannan rubutu. Tun yana ɗan shekara huɗu, da zarar iska ta fara sanyi sai hancinsa ya ɓalle. Majina fara kamar ruwa, atishawa biyar ko shida a jere da sassafe, ga tari da ke tayar da shi cikin dare. 'Yan'uwansa su kamu da mura su warke cikin mako guda ko kwana goma, shi kuwa yana nan jiya i yau har sai sanyin ya wuce. Na riga na yanke a raina cewa garkuwar jikinsa ce ba ta da ƙarfi, kuma duk wanda na kai wa kukana abin da yake faɗa mini ke nan.

Tunda rauni ne, sai na shiga neman abin da zai ƙara masa ƙarfi ruwa a jallo. Sirof na bitamin, ƙwayoyin tauna masu zaƙi, gaurayen ganyayyaki, duk kwalbar da na ga an rubuta mata "ƙara garkuwar jiki" sai na kawo gida. A sanyin da ya cika shekara shida, sau uku na ba shi antibayotik ba tare da likita ya rubuta ba, don kawai majinar ta yi kauri ta sauya launi. Har yau in na tuna wannan sai raina ya sosu.

Ranar da na kai shi wurin wata likitar yara, na zube mata kwalaben a kan tebur. Ba ta ce komai a kansu ba tukuna. Ta kira shi kusa, ta ɗaga haɓarsa, ta nuna mini wani siririn layi da ya gitta karan hancinsa daga ƙasa.

"Maman yaro, kin taɓa lura da wannan?"

Na ce na ɗauka da shi aka haife shi. Ban rufe baki ba sai ya sa tafin hannu ya murza hancin zuwa sama, kamar yadda ya saba yi sau ba adadi a rana. Ta ce, "To ga abin da ya zana layin nan." Daga nan ta jero tambayoyi. Yana zazzaɓi in abin ya tashi? Ba ya yi. Idonsa na ƙaiƙayi? Ƙwarai kuwa, har ƙasan idon ya yi duhu. Ya fi tsananta da safe ko lokacin da ake kakkaɓe shimfiɗa? Haka ne. Akwai mai asma ko kirci a dangi? Babansa ya yi fama da asma yana yaro.

Ta ce, "Ɗanki ba rauni gare shi ba. Garkuwar jikinsa ce take faɗa da abin da bai kai a yi faɗa da shi ba."

Aleji ke nan, abin da wasu ke kira borin jini. Jiki ya ga ƙura ko garin fure ya ɗauke su abokan gaba, sai ya saki wani sinadari mai suna histamin, shi ne ke kumbura cikin hanci, ya kawo ƙaiƙayi da atishawa da zubar ruwa. Shekara biyu ina ƙoƙarin ƙarfafa garkuwar da dama ƙarfinta ne ya yi yawa a inda bai kamata ba.

Ita mura ta gaskiya kuwa, ƙwayoyin bairos ne ke kawo ta, kuma sun haura iri 200. Ƙaramin yaro mai ƙoshin lafiya yakan yi mura sau 6 zuwa 8 a shekara, wanda ya fara zuwa makaranta ma yakan wuce haka. Kowace ɗaya ta zo, jiki ya koyi yadda zai gane ta, shi ya sa babba ba ya kamuwa kamar yaro. Takan ɗauki kwana 7 zuwa 10, tarin kuma yana iya jan jiki har mako uku. Antibayotik bakteriya yake kashewa, ba ya taɓa bairos ko kaɗan. Majinar da ta koma ruwan ɗorawa ko kore, wadda take tayar mini da hankali, alama ce ta ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cutar, ita kaɗai ba ta nuna cewa ana bukatar antibayotik.

Likitar ta rubuta masa maganin aleji na lokacin da abin ya yi tsanani, da ruwan gishiri na ɗigawa a hanci, sannan ta ce sauran aikin yana gida. Ta ce in sami ɗan littafi in riƙa rubuta ranar da ya tashi da atishawa da abin da aka yi a gidan kafin nan.

Littafin nan ne ya tona asirin barguna. Kowace shekara in sanyi ya wuce nakan naɗe su in sa a jaka, in ya dawo in zaro in shimfiɗa musu kai tsaye. A wannan karon yana tsaye kusa da ni na buɗe jakar, hasken rana na shigowa ta taga, na ga ƙura ta tashi tana yawo a cikin hasken. Kafin in warware bargo na biyu idonsa ya kaɗa ya yi ja, yana ta atishawa har da hawaye. A cikin katifa da filo da bargo akwai wasu ƙwari da ido ba ya iya gani, suna rayuwa a kan ɓawon fatar da ke zuba daga jikinmu, kuma kashinsu ne ke tayar da aleji. Ruwa mai zafin digiri 60 yana kashe su. Tun daga ranar, bargo ba ya hawa gadon yara sai an wanke shi ya bushe ƙayau. Zanen gado da rigar filo kowane mako, da ruwan zafi. Na fitar da kafet daga ɗakinsu, na rage 'yan tsanar da ke kan gado, na daina shara da kakkaɓa yana cikin ɗakin, na koma goge ƙura da jiƙaƙƙen tsumma don kada ta tashi. Da na ja kabad na tarar da fumfuna ta yi baƙi a bango, a ɗakin da nake rufe wa taga ruf tun farkon sanyi har ƙarshensa don gudun kada iska ta buge su.

Wannan rufe ɗaki ma wani kuskuren ne. Sanyi yana da nasa hannun a mura, ba ƙarya iyayenmu suka yi ba. A 2015 masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka sun nuna cewa bairos ɗin mura ya fi hayayyafa a digiri 33, irin sanyin cikin hanci, fiye da digiri 37 na cikin jiki, domin kariyar da ke cikin hanci takan yi rauni in wurin ya yi sanyi. Amma sai bairos ɗin ya shiga tukuna, kuma babu inda ya fi samun hanya kamar rufaffen ɗaki da mutane ke shaƙar numfashin juna. Yanzu ina sa musu kaya masu kauri, amma kullum sai na buɗe tagogi na ɗan lokaci iska ta ratsa. Hayaƙi kowane iri, na taba ko na girki ko na turare, ba ya kusantar inda suke kwana. Garwashi kuwa ba na yarda a kwana da shi a rufaffen ɗaki ko da wasa, iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa. In itatuwa suka fara fure, idan ya dawo daga wasa sai ya wanke fuska ya canza riga.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne barci, domin gyaransa ya shafi kowa a gidan, har da ni. Yarana kan kai sha ɗayan dare suna kallo, a tashe su ƙarfe shida. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta fitar da ma'auni a 2016: ɗan shekara 1 zuwa 2 awa 11 zuwa 14, ɗan 3 zuwa 5 awa 10 zuwa 13, ɗan 6 zuwa 12 awa 9 zuwa 12. Da na lissafa na yarana, awa bakwai suke samu. Akwai wani gwaji da Sheldon Cohen da abokan aikinsa na Jami'ar Carnegie Mellon suka wallafa a 2009. Sun bibiyi barcin manya 153 na mako biyu, sannan suka ɗiga musu bairos ɗin mura a hanci. Masu barcin ƙasa da awa 7 sun kusa ninka masu awa 8 sau uku wajen kamuwa. A kan manya aka yi, amma in haka ƙarancin barci ke yi wa babba, ina ga yaron da ke girma? Sai da na yi da gaske. Makon farko kuka da rigima, babbar tana cewa, "Mama, ai ban ji barci ba." Na kashe talabijin ƙarfe takwas, na ajiye tawa wayar ma, domin ba zai yiwu in hana su ina riƙe da ita ba. A mako na uku suka fara hamma da kansu kafin lokacin.

Wanke hannu kuwa na ɗauka kowa ya iya, sai da na tsaya na kalli yadda suke yi: a tsoma yatsu a ruwa a yarfe. Na koya musu sabulu, tsakanin yatsu, bayan hannu, ƙasan farce, har daƙiƙa 20, da dawowa daga makaranta, kafin cin abinci, da bayan fyace hanci. Abin da ya sa na riƙe wannan da muhimmanci wani bincike ne da aka yi a unguwannin talakawa na Karachi a Pakistan, aka buga a mujallar Lancet a 2005. Gidajen da aka ba sabulu aka koya musu wanke hannu, yaransu 'yan ƙasa da shekara 5 sun sami ragin nimoniya, wato ciwon huhu, da kashi 50 cikin 100. Sabulun gama-gari ya yi aiki daidai da wanda aka ce yana kashe ƙwayoyin cuta.

Kwalaben bitamin fa? Nazarin 2013 na Cochrane, ƙungiyar da ke tace sakamakon binciken lafiya, ya tattara gwaje-gwajen bitamin C ya nuna cewa shan sa kullum ba ya hana yawancin mutane kamuwa da mura, sai dai yana rage tsawonta kaɗan, kashi 14 cikin 100 a yara. Wato kamar kwana guda. Na bar su, na mai da kuɗin kan 'ya'yan itace da ganye da ƙwai da kifi, da barin su su fita wasa a rana, wadda ita ke sa fata ta samar da bitamin D. Yaron da gwaji ya nuna yana da ƙarancin wani sinadari, wannan kam likita ne zai rubuta masa.

Abu ɗaya da na riƙe daga kayan gida shi ne zuma. Rabin ƙaramin cokali zuwa cokali guda kafin barci yana lafar da tarin dare. A 2007 an gwada ta a kan yara 105 a Jihar Pensilbaniya ta Amurka, aka kwatanta da wani sanannen sinadarin sirof na tari, iyaye suka ce zumar ta fi sauƙaƙa tarin da barcin. Amma ina roƙon duk uwar da ke karanta wannan, kada a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba zuma, ko ɗigo. Tana iya ɗauke da ƙwayar da ke kawo cutar botulizim, wadda ke shanye jijiyoyin jariri har numfashi ya gagara. Haka asfirin, ba a ba yaro. Turara tururin ruwan zafi ma na daina tun ranar da kwanon ya kusa kifewa a cinyar babbar.

Kada wani ya ɗauka ina cewa a zauna gida da zuma da ruwan gishiri komai ya faru. A sanyin da ya biyo baya autata, tana da shekara biyu, ta kamu da mura. Kwana uku ina ba ta ruwa mai ɗumi da abinci kaɗan-kaɗan, tana wasanta. Daren na huɗu zazzaɓi ya dawo da ƙarfi, ta ƙi shan komai. Na ɗage rigarta tana kwance, na kunna agogon waya, na ƙirga ɗagawar ƙirjinta na minti guda cur. Hamsin da biyu. Na sake ƙirgawa, hamsin da huɗu. Ƙasan haƙarƙarinta yana lotsawa ciki duk lokacin da ta ja numfashi. Likitar nan ta riga ta rubuta mini ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na numfashin da ya yi sauri fiye da kima a bangon littafina: jariri ƙasa da wata 2, numfashi 60 ko fiye a minti, ɗan wata 2 zuwa 11, numfashi 50 ko fiye, ɗan shekara 1 zuwa 5, numfashi 40 ko fiye. Na tashi babansu na ce, "Abban yara, tashi mu tafi asibiti, ba za mu jira safiya ba." Nimoniya ce. A nan ne antibayotik ya yi aikin da aka yi shi dominsa, kuma ta shanye shi har ƙarshe kamar yadda aka rubuta. A ƙasan waɗancan lambobi likitar ta ƙara da cewa jaririn da bai kai wata 3 ba in zafin jikinsa ya kai digiri 38, ko yaron da leɓensa ya sauya launi, ko numfashinsa ke fito kamar usur, ko aka kasa tashinsa daga barci, asibiti ne nan take.

Bayan mun dawo na ɗauko katunan rigakafinsu na duba, na tarar akwai allura ɗaya da ta wuce ta ban kai ta ba. Na kai ta a makon da ta warware. Ita allurar rigakafi garkuwar jikin yaron take koya wa gane cuta tun kafin su haɗu, kuma cikin duk abin da na taɓa nema da sunan ƙara garkuwa, ita ce ta cika wannan suna.

Na tsakiyan yanzu shekararsa tara. Bai rabu da aleji ba, wasu safiyoyin yana tashi da atishawa biyu ko uku, kuma maganinsa yana nan a ajiye don ranar da abin ya motsa. Amma yana kwana har safe ba tari, layin hancin ma ya fara dusashewa. Makon jiya da na ɗauko jakar barguna, shi ya riga ni magana daga bakin ƙofa: "Mama, bari in fita tukuna, in an wanke sai ki kira ni mu shanya."