Minti uku a kan tabarma: abin da aiki da iyaye ya koya mini a Agege

Shekara huɗu ke nan ina aiki da iyaye mata a unguwannin Agege da Idi-Araba na Legas, a wani shiri na tarbiyya ba tare da bulala ba, kuma babu dabarar da ta ba ni wahala kamar keɓe yaro na ɗan lokaci idan ya yi laifi. A tsarin da aka horar da mu, wanda Sheila Eyberg, masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, ta tsara a shekarun 1970 domin yara masu shekara 2 zuwa 7, ana zaunar da yaro a kujera na minti 3, ba tsawa, ba duka, sannan ya tashi ya aikata abin da aka umarce shi.

Gaggawa ce ta kayar da ni. Wata uwa da rikicin Boko Haram ya koro daga Borno ta kawo ɗanta mai shekara 5, mai cizo da jifa, sai na koya mata keɓewa tun ranar farko. Da yake ɗaki ɗaya suke haya, kamar yawancin mutanenmu a Legas, sai ta fitar da shi waje ta ja ƙofa. Bayan mako guda ta dawo ta ce, "Malama, yaron nan ihu ya yi ta yi har ya saki fitsari a wando." A ranar ne ta gaya mini cewa a hanyar gudun hijira ya taɓa ɓace mata kwana biyu a daji.

Laifin nawa ne, domin tsarin ya tanadi a fara da makonni na wasa tsakanin uwa da ɗa, minti 5 kullum, tana yaba masa, ba ta gyara masa komai, kafin a zo batun horo. Na tsallake wannan mataki saboda na raina shi, kuma gaskiya iyaye da yawa sukan ji kunyar zama a ƙasa suna wasa da ɗan cikinsu.

Muka koma farko. Sai bayan wata biyu muka shimfiɗa masa ƙaramar tabarma a kusurwar ɗakin, inda zai riƙa ganin uwarsa tana tsince shinkafa, ƙofa a buɗe, kuma an gwada masa tsarin da 'yar tsana tun yana cikin nishaɗi. Zaman farko ya yi kuka, amma idonsa na kanta, kuma da minti ukun suka cika ya tashi ya kwashe takalman da ya watsar. Yanzu kafin in ambaci tabarma ga kowace uwa, sai na tambaye ta ko an taɓa raba ta da yaron, da kuma ɗaki nawa gare su.