Kwana Biyar a Bayan Tsohon Ɗan Tseren Keke

Musu ne ya fitar da mu daga gida, ni da ƙanena. Na ce Mark Cavendish zai ci zango ɗaya a gasar tseren keke ta Tour de France ta 2024, wato tseren yini guda daga cikin kwanakin gasar. Ya kwashe da dariya, ya ce, "Haba Yaya! Mutum mai shekara 39? Bara ma a motar asibiti ya bar gasar."

Bai yi ƙarya ba. A 2023 Cavendish ya zo na biyu a Bordeaux, washegari ya faɗi ya karye a kafaɗa, ga shi dama ya sanar cewa a shekarar zai yi ritaya. Tun 2021 yake kunnen doki da Eddy Merckx na Beljiyam, kowannensu ya ci zango 34, adadin da babu wanda ya taɓa wucewa a gasar a lokacin. Guda ɗayan da ya rage ne ya hana shi zama, ya fasa ritayar ya ci gaba da zama a ƙungiyar Astana. Mu ma shi ya sa muka ɗauki jaka muka nufi Filorens, inda a karon farko aka buɗe gasar a ƙasar Italiya, ranar Asabar 29 ga Yuni.

Tun da hantsi garin ya ɗau zafi. Muka sami gefen shinge muka tsaya, gumi na bin bayanmu. Da ayarin ya zo wucewa, mutum 176, na hango shi a tsakiya cikin riga mai ruwan bula, gajere, kakkaura, kai ka ce ba tafiyar kilomita 206 ce a gabansa ba. Sauran tseren a talabijin ɗin wani shagon shayi muka gani, kuma abin ba daɗin kallo. Tun hawan farko aka bar shi a baya. Aka nuna shi yana amai daga kan keke, abokan ƙungiyarsa sun dawo sun kewaye shi suna kwara masa ruwa a ƙeya. Ƙanena bai ce uffan ba, sai kallona yake yana tauna ƙanƙara.

A ranar na gane inda yaƙin tsohon yake. Irinsu Cavendish ba mahaya dutse ba ne. Aikinsu fizgar ƙarshe, mita ɗari biyun da ke gaban layi a shimfiɗaɗɗen titi. Amma kafin ka ga ranar fizga, sai ka tsallake ranakun duwatsu da ranka. Kowane zango akwai wa'adi: a ɗauki lokacin wanda ya zo na ɗaya, a ɗora masa wani kaso, duk wanda ya iso bayan haka ya tattara nasa ya nasa. A can ƙarshen ayari kuma akwai motar da suke kira motar tsintsiya, mai kwashe waɗanda suka sare. Cavendish ya shiga Rimini, inda zangon ya ƙare, minti 39 bayan Romain Bardet da ya zo na ɗaya. Ya sha da ƙyar, ɗaya daga cikin masu rakiyarsa ma a hanya ya ajiye keke.

Lahadi muka shiga jirgin ƙasa zuwa Bolonya, muka bi doguwar rumfar nan mai bakuna 666 da ta haura tudun San Luca. Sau biyu 'yan tseren suka hau ta gabanmu. Ni da na hau sau ɗaya a ƙafa sai da na nemi inuwa na zauna.

Turin ce ta kusa sa ni manta da abin da ya kawo ni. Zango na uku ne, mafi tsawo a gasar, kilomita 230 daga Piacenza, kuma shi ne na farko da ya dace da 'yan fizga. Na ce yau ce ranar. Saura kimanin kilomita 2 aka yi karo, ayari ya rabu, Cavendish ya maƙale a baya, ko ƙurar na gaba bai shaƙa ba. Sai ga Biniam Girmay, yaro ɗan shekara 24 daga Asmara, ya bi ta jikin shinge ya wuce kowa. Baƙar fata ɗan Afirka na farko ke nan da ya ci zango a tarihin gasar da aka fara tun 1903. 'Yan Eritiriya suka ɓarke da guɗa da tsalle, tutoci na kaɗawa. Wata dattijuwa da ke gefena ta riƙe hannuna tana magana da yarensu, hawaye na zuba. Ban ji ko kalma ɗaya ba, na ce mata, "Barka, Mama." Ƙanena da ya zo don ya yi mini dariya, muryarsa ta dushe a wurin.

A mota ya ce, "Ka ga zamani ko, Yaya? Yaran nan sun ƙwace." Na ce da tsohuwar zuma ake magani. Amma a zuciyata na fara lissafi. Dama ɗaya ta tafi, gobe kuma hawan dutsen Galibier.

Jirgin ƙasa ba ya tsallakawa Faransa ta wannan hanyar a lokacin, saboda zaftarewar dutse da ta rufe layin tun 2023. Dole muka yi hayar mota, muka bi ta ramin Fréjus cikin dare, muka isa Valloire, inda zango na huɗu zai ƙare, kafin a rufe hanya. A cikin motar muka kwana. Jiya-jiya muna neman inuwa, yau ga mu muna karkarwa, don ban ɗauko rigar sanyi ba, wai ai bazara ce. Ƙololuwar Galibier ta kai mita 2,642, ga dusar ƙanƙara jibge a gefen titi a watan Yuli.

Tadej Pogačar ya gangaro shi kaɗai, ya ci zangon, ya karɓe rigar ɗorawa, wadda mai jan ragamar gasar ke sawa. Aka yi tafi, aka yi biki, jama'a suka fara watsewa. Mu muka tsaya, ido a kan agogo. Minti goma, ashirin, talatin. Wannan jiran na can baya ba a cika nuna shi a talabijin ba, kuma a ganina ya fi na gaba ban tausayi. Sai ga su a dunƙule, manya-manyan ƙarti, fuskoki sun yi fari da gishirin gumi, ba mai kallon kowa. Su kan haɗa kai ne su yi tafiya tare don su tsira da wa'adi. Cavendish na cikinsu, baki buɗe, abokin ƙungiyarsa Michael Mørkøv, wanda shi ma shekararsa 39, na kusa da shi. Ya wuce ta gabana, har ina jin ƙarar sarƙar kekensa. Na dubi ƙafafunsa, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa, amma feda yake juyawa a natse. Na ce wa ƙanena wannan bai mutu ba. Ya ce, "Sai dai mu gani."

Laraba 3 ga Yuli muka sauka Saint-Vulbas, ƙaramin ƙauye a bakin kogin Rhône, manyan hasumiyoyin tashar nukiliya ta Bugey na fitar da tururi a bayansa. Awa huɗu muka yi a jikin shinge don kada a ƙwace mana wuri. Motocin talla suka wuce suna jefa huluna da alewa, wata hula ta same ni a ido.

Abin da ya faru a zahiri ban gan shi sosai ba, gara in faɗi gaskiya. Gudun ya haura kilomita 60 a awa, iska ce kawai ta buge mu, sai launuka, sai ƙarar wani da ya faɗi. A babban allo na ga yadda aka yi. Masu share masa hanya sun ƙare, ya rage shi kaɗai a cikin turmutsitsi. Ya laɓe a bayan wannan, ya zame ya koma bayan wancan, yana dogara kafaɗa, yana jira. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da kafa ta buɗe ya karkata hagu, ya kwanta a kan keken kamar zai sumbaci tayar gaba, Jasper Philipsen, wanda ya riga shi tsallake layi a Bordeaux, ya biyo shi amma bai kamo shi ba. Ba ƙarfin 2008 ba ne, shekarar da ya fara cin zango. Sanin inda za a tsaya ne, da lokacin da za a motsa.

Aka rubuta 35 a allo. Abokan hamayyarsa suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna rungume shi, matarsa da 'ya'yansa suka kutsa cikin 'yan jarida. Na juya neman ƙanena, na same shi ya haye kan shinge yana ihu da dusasshiyar muryarsa. Da ya sauko na miƙa masa hannu, ya ce, "Na me?" Na ce kuɗin man mota, haka muka yi alkawari. Ya lalube aljihu yana gunaguni, wai shi dama tun a Valloire ya san za a yi haka.