Alhamis, 1 ga Agusta, 2024, Kano

Yau ce ranar farko ta zanga-zangar kwana goma da matasa suka shafe makonni suna shelarta a kafafen sada zumunta, wadda a nan Kano kowa ke kira zanga-zangar yunwa. Tun bayan sallar asuba na lura da cewa garin ya ɗauki wani irin shiru, domin 'yan adaidaita sahu ƙalilan ne suka fito, masu shagunan unguwarmu kuma suna zaune a bakin ƙofofinsu da makulli a hannu, kowa na jiran ya ga abin da maƙwabcinsa zai yi. Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari duk a rufe suke. Ni ma ban tafi wurin aiki ba, sai na zauna a zaure da rediyo, ga intanet ɗin wayar tana jan ƙafa tun safe.

Kafin hantsi ya dubi ludayi, ayarin farko ya wuce ta bakin titinmu. Na tsaya na kalle su da kyau, saboda ina son in san su wane ne. Akwai samari masu kwalaye da aka rubuta “A dawo da tallafin mai” da “Yunwa za ta kashe mu”, akwai magidanta da furfura a gemu, har da wasu mata rataye da tukwanen da babu komai a ciki. Amma mafi yawansu yara ne da ba su wuce shekara goma sha biyar ba, wasu babu ko takalmi. Ban ga wanda ke gaba yana ba da umarni ba, ban kuma ga wanda zai iya cewa a tsaya a saurare shi ba, kuma tun daga lokacin gabana ya fara faɗuwa.

Babu mai hankalin da zai ce koken nasu ƙarya ne. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya furta a jawabin rantsuwarsa cewa tallafin mai ya tafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 600, sannan a watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, har dala ta kai wajen naira 1,600. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34 cikin ɗari a watan Yunin bana, ta kayan abinci kuma ta haura kashi 40. A ranar Litinin ɗin nan aka sa hannu kan dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, kuɗin da da kyar zai sayi buhun shinkafa guda, wanda kuma mai faci da mai ga-ruwa da mai wankin hula ba su da rabo a cikinsa. Tirela ashirin-ashirin na shinkafa da gwamnatin tarayya ta ce ta tura wa kowace jiha, a unguwarmu dai a rediyo muka ji labarinsu. Ga manoman Zamfara da Katsina da Sakkwato da 'yan bindiga suka hana zuwa gona, abin da duk wanda ke shiga kasuwar Dawanau yake gani a farashin kwanon masara da gero.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda maganar manya ta daina shiga kunne. Malamai da dama sun yi huɗuba suna hana fita, shugaban ƙasa ya gana da sarakuna da malamai a Abuja makon jiya, amma yaran nan sun fito kamar ba a yi ba. A garin da tun watan Mayu sarakuna biyu ke zaune, Muhammadu Sanusi na Biyu a Gidan Rumfa, Aminu Ado Bayero a fadar Nasarawa, kowa da dogaransa da lauyoyinsa, ban san muryar wa ake sa ran za ta mayar da yaro mai jin yunwa gida ba.

Da rana ta take, labari ya sauya. An ƙona tayoyi a kusa da gidan gwamnati, 'yan sanda sun harba barkonon tsohuwa, sannan aka fasa cibiyar fasahar zamani ta hukumar sadarwa ta NCC da ake shirin buɗewa mako mai zuwa, aka yi awon gaba da kujeru da kwamfutoci. Wajen la'asar na ga wani yaro ya shigo lungunmu ɗauke da kujerar ofis mai taya a kansa, yana haki, gumi na zuba. Maƙwabcina, dattijo mai sayar da goro, ya tare shi ya ce, “Kai yaro, wannan kujerar za ka dafa wa uwarka?” Yaron bai ce uffan ba, ya ajiye ta a bakin kwata ya ruga. Har magariba tana nan, babu wanda ya yarda ya taɓa ta, kowa na gudun a ce a ƙofarsa aka gan ta.

Da yamma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanar da dokar hana fita ta sa'a 24, yana mai cewa ɓata-gari ne suka ƙwace zanga-zangar. Borno ma ta sa irin wannan doka, ga shi jiya da dare bam ya tashi a Kawuri da ke ƙaramar hukumar Konduga, kuma rahotanni na cewa an rasa rayuka yau a Suleja da Maiduguri. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

Na yarda cewa a halin da gari ke ciki dole a tsayar da ɓarnar, amma dokar za ta fi danne waɗanda dama don su aka ce an fito, wato masu nema hannu baka hannu ƙwarya. Bayan isha'i matashin da ke haya a ɗakin waje, wanda ke tuƙa adaidaitar wani yana kai masa balas kullum, ya yi sallama ya ce, “Baba, don Allah ko akwai ɗan garin tuwo? Yau ban fita ba, gobe ma ga doka.” Uwargida ta auna masa daga ɗan abin da ya rage mana, ta haɗa masa da kuka da daddawa. Na tambaye shi ko mai keken zai yafe masa balas ɗin kwanakin nan, ya ce sai dai ya rubuta masa bashi.

Gobe Juma'a, muna sauraron rediyo mu ji ko za a sassauta dokar domin a samu zuwa masallaci, in an sassauta kuma zan leƙa wurin mai awo in ga ko kwanon masara ya kwana a farashinsa na jiya.