Kafin ki karɓi makirfo, ki san hukuncin kul'i

Ƙannena masu sha'awar tsaya wa mata, ku waiwayi Maroko. Ƙasar Malikiyya ce kamar tamu, kuma dokarsu ta zaman iyali, Mudawwana, daga fiƙihun Imam Malik aka tsamo ta. A 1992 wata ƙungiyar mata ta shiga neman sa hannun mutum miliyan ɗaya don a gyara ta. Gyaran da aka yi a 1993 bai taka kara ya karya ba. A watan Maris na 2000 masu son gyara suka yi gangami a Rabat, masu adawa suka cika titunan Kasablanka a rana ɗaya, kuma da yawa daga cikin masu adawar mata ne.

Nan na fara tuntuɓe a ƙuruciyata. Duk macen da ta ƙi abin da nake faɗa, sai in ce duhun kai ne. Alhali tsoro take kada a taɓa mata addini, ni kuwa ban taɓa zama na amsa mata wannan tsoron ba.

Matan Maroko sun amsa shi. Suka koma ga aya da hadisi. Da Sarki Muhammad na Shida ya gabatar da gyaran ga majalisa a 2003, cewa ya yi ba zai halatta abin da Allah ya haramta ba, ba kuma zai haramta abin da ya halatta ba. A 2004 doka ta fita: shekarun auren 'ya mace suka tashi daga 15 zuwa 18, saki ya koma gaban alƙali, ƙarin aure sai da izinin kotu. Ba sai kun yarda da duk abin da ke cikinta ba, malamai ma sun yi ta muhawara. Hanyar da suka bi nake nuna muku.

Wata rana na gama zuba wa matan wata unguwa yarjejeniyoyin duniya kan haƙƙin mata, sai wata dattijuwa ta ɗaga hannu: «'Yata, mijin jikata ya shekara bai ciyar da ita ba. In ta je kotu, sai ta mayar masa da sadakinsa?» Na yi tsuru-tsuru. Ban san bambancin kul'i, wato mace ta fanshi kanta daga aure da biyan miji wani abu kamar sadakinsa, da raba aure saboda rashin ciyarwa ba, wanda a Malikiyya alƙali ke iya yi ba tare da ta biya ko kwabo ba.

Saboda haka ku nemi malama ta karanta muku babin aure, saki, ciyarwa da gado a Risala. Ku je kotun shari'a ku zauna a benci, ku ji irin ƙarar da mata ke kawowa tun safe.