Godiya ga waɗanda suka tsaya mana kan karatun Yaya

Assalamu alaikum 'yan uwa na Bronx a birnin Niyok da na gida. Alhamdu lillahi, sakamakon jami'o'i uku da babbar 'yarmu Yaya ta nema da wuri ya fito. Biyu sun ɗauke ta, ɗaya ta ɗage maganarta. Na yi ta jinkirin rubuta godiyar nan har Maman yara ta ce rashin godiya ma laifi ne.

Ranar da saƙon farko ya shigo, tsakiyar Disamba, ina kan hanya da fasinja. Na dawo na tarar da Yaya a ƙasa gaban kujera, kwamfuta a cinya, hijabinta ya jiƙe da hawaye, tuwon da aka zuba mata ya huce ba ta taɓa ba. Wannan ce jami'ar da ta ƙwallafa wa rai, ita ta nema tun 1 ga Nuwamba a tsarin nan mai alƙawari, wanda in an ɗauke ka dole ka je, ka kuma janye sauran takardunka. Na karanta wasiƙar sau biyu na ce mata haƙuri, sun ƙi. Ashe ni ne ban gane ba.

Godiyata ta farko ga malamar da ke ba ɗalibai shawara a makarantarsu. Washegari ta zaunar da mu ta ce ɗagewa ba ƙi ba ce: za a sake duba takardunta tare da na sauran jama'a, amsa ta zo wajen ƙarshen Maris, kuma alƙawarin da muka sa wa hannu ya warware. Ta sa Yaya ta rubuta musu gajeriyar wasiƙa cewa har yanzu tana so, da abin da ta ƙara yi tun Nuwamba, ita kuma za ta aika da sakamakon rabin shekara. Ta kuma hana ta zama jiran tsammani, ta ce ta ƙarasa sauran jami'o'in a Common App, shafin da ake neman jami'o'i da yawa da fom ɗaya, kafin wa'adin farkon Janairu. Hutun ƙarshen shekara duk a kan teburin cin abinci ya ƙare.

Sai Kawunsu na masallacinmu, wanda 'ya'yansa biyu suka riga suka bi wannan hanya. Da sauran biyun suka ce sun ɗauke ta, zumuɗi ya kwashe ni, na ciro katin banki zan biya kuɗin kama gurbi a daren. Ya ce, "Alhaji, mayar da katin nan aljihu. Waɗannan babu ɗauri a kansu, kana da har 1 ga Mayu." Ya ce mu jira wasiƙun tallafi mu jera su. Da ta farko ta iso, da jan biro ya bi ta layi-layi, yana raba kyauta da bashi da kuɗin aikin da ɗalibi zai yi a makaranta. Ni duk na haɗa su wuri ɗaya ina murna, har na kira ƙanena a Kumasi na ce kusan kyauta za ta yi karatu. Da aka cire bashin, abin da ya rage a kaina ya sa na yi shiru. Shi ne kuma ya ce mana in an ga tallafin bai isa ba, ana iya rubuta wa ofishinsu a nemi su sake dubawa, da takardun haraji a hannu.

Na gode wa Antin da ta kwana biyu tana taya mu gyara FAFSA, fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya, da na TAP, tallafin jihar Niyok, inda na sa lamba a gurbin da ba nata ba. Na gode wa Hajiyata da ta sa aka yi sauka, ko da yake har yau ba ta gane dalilin da makaranta za ta ce "sai an jima" ba.

Ke kuma Yaya, Allah Ya yi miki albarka. Malamarki ta ce ana iya janye gurbi in maki ya zube a zangon ƙarshe, don haka wayar nan a rage ta.

Ba mu zaɓi ko ɗaya ba tukuna. A watan Afrilu za mu je mu ga biyun da ido, mu duba wurin salla da abincin halal. A ci gaba da sa mu a addu'a. Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya zaɓa mata mafi alheri.